Tambaya da Amsa: Motar Tseren da Ba Ta da Fanka, Ta Yaya Injinta Yake Hucewa?

Tun da bidiyon gwajin motocin tseren Formula 1 ya fara yawo a wayoyi, wasiƙun da ke iso mana daga Katsina da Daura suka karkata ga siffar waɗannan motoci da yadda ake sanyaya injinsu. Mun zaɓi huɗu daga ciki domin amsawa a wannan fitowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne, kuma a sana'armu mun san cewa da zarar fankar lagireto ta tsaya, ba a jimawa mota za ta fara tafasa ruwa. Sai ga shi wani yaron garejinmu ya nuna mini bidiyon motocin tsere, yana cewa ba su da fanka ko ɗaya, kuma na lura da sun tsaya sai wasu mutane su rugo da na'urori masu fitar da farin hayaƙi su cusa a gefensu. Shin da gaske ne, kuma me ke hana injin ƙonewa? Daga wani bakanike a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaronka bai faɗi ƙarya ba, motar Formula 1 ba ta da fanka. Tana da lagireto, har fiye da ɗaya, waɗanda aka kwantar a karkace cikin kumburin nan biyu da ke dama da hagun direba, amma gudun motar kaɗai ke tura iska ta ratsa su. Muddin tana gudu lafiya lau take, da ta tsaya kuwa zafi zai fara taruwa nan take. Wannan ne ya sa kake ganin ma'aikata suna rugowa da injinan hura iska waɗanda aka cika da busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon mai sanyin kusan digiri 78 ƙasa da sifili, kuma tururinta ne farin hayaƙin da ka gani.

Zafin da ake fama da shi ba kaɗan ba ne. Tun daga 2014 waɗannan motoci suke amfani da inji mai silinda shida da girman lita 1.6, mai tarbo, wanda aka haɗa da batir da injin lantarki. Ko da yake an kai matsayin da kusan rabin ƙarfin da ke cikin man fetur yake zama gudu, abin da injin motar gida bai kusanta ba, sauran rabin zafi ne wanda dole ya fita, wani ta salansa, wani ta ruwa da baƙin mai. Ban da ruwan inji, sai an sanyaya man giya, da iskar da tarbo ya matse kafin ta shiga inji, da batir wanda ba ya jure zafin da inji ke jurewa. Aikin lagireto kuwa irin na mai shayi ne da ke zuba shayi daga kofi zuwa kofi: ana shimfiɗa ruwan zafi ya yi siriri domin iska ta taɓa shi ta ko'ina.

Za ka iya cewa ai sai a faɗaɗa ƙofofin iskar a huta. A nan ne gizo ke saƙar. Iskar da ta shiga cikin mota ta ratsa ƙananan ramukan lagireto tana rasa ƙarfinta, ta fito a hargitse da zafi, kuma duk wannan birki ne ga motar. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, domin idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar tana ninkawa sau huɗu, saboda haka ƙofar da ba ta da wani tasiri a kilomita 80 cikin awa takan zama babban nauyi a kilomita 320. Bugu da ƙari, injiniyoyi suna son iska mai tsabta ta zagaye jikin motar ta isa fiffiken baya da ƙarshen shimfiɗar ƙasanta, inda ake samun dannin da ke manne tayoyi da kwalta a kan kwana. Iskar da aka karkatar zuwa lagireto an hana wa wancan aikin ke nan. Don haka burin kowace ƙungiya shi ne ta gano mafi ƙanƙantar ƙofar da injin zai iya jurewa ba tare da ya lalace ba, kuma ana rufe ruwan cikin matsi mai ƙarfi domin ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, saboda ruwa mai zafi sosai yana buƙatar ƙaramin lagireto.

Masu ƙira sun daɗe suna neman hanyar kauce wa wannan ciniki. Kafin kakar 1978, Gordon Murray na ƙungiyar Brabham ya ƙera motar BT46 ba tare da lagireto irin wanda aka saba ba, ya manna faranti masu fitar da zafi a jikin bodin, da nufin iskar da ke shafar motar ta wadatar. A takarda dabarar ta yi kyau, amma a filin gwaji injin ya yi ta zafi, dole aka mayar da lagireto a hancin motar. A cikin wannan shekarar kuma ya dawo da wata mai ƙatuwar fanka a baya, yana cewa domin sanyaya inji aka sa ta, alhali tana kuma zuƙe iskar da ke ƙarƙashin motar ta manne ta da ƙasa. Niki Lauda ya ci tseren Suwidin da ita, sauran ƙungiyoyi suka yi ca, mai ƙungiyar Bernie Ecclestone ya janye ta bayan wannan tsere ɗaya tak. A ganina Murray bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi dukkan gaskiya ba, domin fankar tana sanyaya injin da gaske.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai sha'awar karatun injiniya. Na ga ana shafa wa motocin wani koren fenti mai ƙyalli a lokacin gwaji, wasu kuma an ɗaura masu wani abu kamar ragar ƙarfe a bayan taya. Ado ne ko aiki? Daga wata ɗaliba a Daura.

Amsa: Malama, aiki ne, kuma kusan shi ne dalilin gwajin baki ɗaya. Kafin mota ta taka kwalta, an riga an gwada siffarta a kwamfuta da kuma cikin bututun gwajin iska, inda ake kafa samfurinta a hura masa iska. Sai dai dokar FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, ba ta yarda samfurin ya wuce kashi 60 cikin 100 na girman motar ba, iskar ma ba ta wuce kilomita 180 cikin awa, kuma tun daga 2021 ana raba lokacin wannan gwaji ta yadda ƙungiyar da ta zo ƙarshe a gasa take samun kaso mafi yawa, wadda ta zo ta ɗaya kuma mafi ƙaranci. Abin da injiniya ke son sani a fili shi ne ko abin da kwamfuta da bututu suka gaya masa ya dace da abin da iskar Allah take yi.

Fentin garin launi ne da aka dama da mai mara kauri irin kananzir. Ana shafa shi a kan fiffike ko gefen mota yana ɗanye, direba ya fita ya yi zagaye, iska ta ja shi yayin da yake bushewa. Idan motar ta dawo, za ki ga layuka sirara sun kwanta gefe ɗaya a inda iska ta bi jiki sumul, a inda ta rabu da jikin kuwa sai fentin ya taru ya yi dabbare-dabbare ko ya murɗe. Nan da nan ake ɗaukar hotonsa a goge, saboda masu ɗaukar hoton abokan hamayya suna tsaye suna jira. Ragar ƙarfen kuma tana ɗauke da ƙananan bututu masu yawa, kowanne yana auna matsin iska a gurbinsa, ana ɗaura ta a bayan tayar gaba saboda taya mai juyawa ce ta fi kowane sashe hargitsa iska. Idan kin ga mota mai wannan raga tana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, direban yana bin umarni ne domin a sami awo mai kyau.

Shekarar 2022 ta nuna amfanin wannan wahala. A lokacin aka dawo da ƙirar da ke samar da mafi yawan danni daga ƙarƙashin mota, dabarar da Lotus ta Colin Chapman ta shahara da ita a 1977 da 1978. Da aka fita gwaji a Barcelona ta Sifaniya, sai motoci suka riƙa tsalle a miƙaƙƙiyar hanya: iska ta zuƙo motar ƙasa har hanyar iskar ta toshe, dannin ya ɓace, motar ta ɗago, sannan abin ya sake maimaituwa. Yawancin ƙungiyoyi ba su hango wannan a bututunsu ba. A gwajin Baharain na shekarar ne kuma McLaren ta gano birkinta na gaba yana zafi fiye da kima, har ta kasa yin dogayen zagaye. Faifan birkin waɗannan motoci na kabon ne, yana kai digiri 1,000, kuma shi ma da iska kaɗai yake hucewa.

A wannan gwajin ne Mercedes ta fito da mota wadda kusan babu kumburin gefe a jikinta, bayan ta matse lagiretonta cikin ɗan wuri, abin da ya girgiza kowa. Motar ta ci tsere ɗaya kacal a shekarar, kuma a tseren Monako na 2023 aka watsar da ƙirar. Ba daidai ba ne a ɗora wa gefen laifin duka, domin shimfiɗar ƙasa da tsallen da muka ambata sun fi cutar da ita, amma ya isa darasi ga mai son wannan karatu cewa siffar da ta fi ɗaukar ido ba lalle ita ce ke kawo gudu ba.

Tambaya: Motar da ta fi gudu a gwaji ita ce za ta ci gasa? Daga wani mai sayar da kayan gyaran babur a Ƙofar Guga, Katsina.

Amsa: Ba lalle ba ne, Alhaji. Ba wanda ya san yawan man da ke cikin tankin kowace mota, alhali kilo 10 na mai yana ƙara kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa a zagaye, kuma wasu suna rage ƙarfin inji da gangan domin su ɓoye hannunsu. A 2019 Ferrari ta burge a gwaji, amma Mercedes ce ta cinye tsere takwas na farko. A 2009 kuwa Brawn ta fi kowa gudu a gwaji, aka yi ta zargin tankinta babu mai, sai ga direbanta Jenson Button ya ci shida daga cikin bakwai na farko. Abin da ya fi dacewa ka lura da shi shi ne yawan zagayen da mota ta yi ba tare da ta koma gareji ba, musamman da yake a 2023, 2024 da 2025 kwana uku kacal aka bayar a filin Sakhir na Baharain, mota ɗaya ga kowace ƙungiya, direbobi biyu suna karɓa-karɓa.

Tambaya: Da za a kawo irin wannan mota Katsina a watan Afrilu, ko a tsakiyar hazon hunturu, za ta iya aiki? Daga wani direban motar haya a hanyar Katsina zuwa Daura.

Amsa: Idan aka sami kwalta mai santsi wadda ba ta da rami ko tudun rage gudu, za ta yi aiki, Malam, amma sai an sauya mata sutura. Lagireto yana aiki ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar waje, saboda haka a ranar da Katsina ta kai digiri 40 tazarar ta ragu, dole a ƙara yawan iskar. Kowace ƙungiya tana zuwa da murafen inji iri-iri, wani a rufe ruf, wani mai tsage-tsage a gefe, wani mai faffaɗar mafita a baya, kuma ɗaya daga cikin ayyukan kwanakin gwaji shi ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya a rubuta zafin da kowanne ya bayar da gudun da ya ci. Wurin da ya fi wahalar da su ma ba mafi zafi ba ne, birnin Meziko ne, wanda ke sama da mita 2,200 daga matakin teku, inda iska ba ta da kauri, har akan buɗe kusan duk ƙofofin da mota take da su.

Ƙura ba baƙuwa ba ce gare su, domin filin Sakhir cikin hamada yake, kuma a ranar farko ta gwajin 2021 guguwar yashi ta turnuƙe shi amma aka ci gaba da aiki. Illarta ta fi yawa ga riƙon taya da matatar iska. Wanda zai fi shan wuya a zafinmu shi ne direba: a tseren Katar na 2023 Logan Sargeant ya kasa ƙarasawa saboda galabaita, abin da ya sa FIA ta fito da tsarin sanyaya direba a duk tseren da aka yi hasashen zafinsa zai wuce digiri 31.

Game da motarka ta haya kuwa, kada a kwaikwayi masu tsere, domin ita an ƙera ta ne ta jure tsayuwa a tasha da cunkoson kasuwa. Cire tamostat da wasu ke yi ba ya maganin zafi idan lagireto ya toshe, sai dai ya hana injin kai ga zafin da ya dace da shi, ya ƙara shan mai. Bayan hunturu a wanke ramukan lagireto daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, a duba fanka da fanbel, sannan a gwada murfin lagireton, domin idan robarsa ta mutu matsi zai zube, ruwan ya tafasa tun inji bai kai zafin da aka tsara masa ba.