Ramukan fim ɗin tin oksaid sun ɓace bayan an gasa shi

Malam, ka ce ka haɗa SnCl4 (tin kulorayid) da Pluronic F127 (polima mai samar da ramuka) cikin itanol, ka shafa a gilashi don samun siririn fim mai ƙananan ramuka, amma da ka gasa ramukan suka ɓace. Wallahi nima na sha wannan wahalar. Yawanci gaggawar wuta ce, ƙwayoyin SnO2 (tin oksaid) sai su girma su danne ramukan tun bangon ramukan bai yi ƙwari ba. Bari fim ɗin ya kwana a wuri mai laima tukuna, sannan ka riƙa ɗaga zafin kaɗan-kaɗan ka tsaya wajen digiri 400 na Salsiyas. XRD (gwajin tsarin ƙwayoyi da hasken X-ray) kasitarait, wato tsarin ƙwayoyin SnO2, zai nuna maka, ganin ramukan kuwa sai TEM (madubin ƙara girma mai aiki da elektiron). SnCl4 hayaƙin asid yake fitarwa fa, kada ka buɗe kwalbar sai mai kula da lab yana wurin.