Harsashin da na haɗa ya yi kyau ranar farko, bayan sati ya watse

Tambaya: Malam ina Texas da zama, na shiga wasan harbin allo da bindiga 6.5 Creedmoor, kuma na fara haɗa harsashi da kaina. Na gwada wani awo na albarushi, harbi uku suka shiga kusan rami ɗaya a yadi 100, da na koma bayan sati da awon nan dai sai suka watse. Bindigar ce ko ni ne?

Amsa: Ɗan'uwa ba bindigar ba ce, kuma ba lallai kai ba ne, harbi ukun nan ne suka yaudare ka. Uku ai ko harsashin kanti sai ya haɗa maka su wuri ɗaya in an yi dace, sai mutum ya ɗau hoto ya tura wa abokai yana murna alhali sa'a ce kawai. Ni in ban ga awo ya yi harbi goma aƙalla ba, a ranaku daban daban, ba na kiransa nawa, kuma wanda ya kauce gefe shi ma da shi ake lissafi, kar ka ce wai hannunka ne ya motsa ka cire shi.

Sannan ka nemi na'urar auna gudun harsashi, don yadi 100 yana rufa asiri. In wannan ya fita ya fi wancan gudu da ƙafa 30 a daƙiƙa, a kusa ba za ka ga komai ba, amma a yadi 1000 tazarar sama da ƙasa takan kusan taƙi guda, kuma da'irar tsakiya ta allon gasar harbin nesa da ake kira F-Class inci 5 ce kacal, to ka ga ta tafi. Shi ya sa masu abin ba gudu suke bi ba, so suke kowane harsashi ya fita kamar ɗan'uwansa. Kwanso, wato gwangwanin da ake zuba albarushi a ciki, na kamfani ɗaya, a datse su tsawo ɗaya, wuyan ya riƙe kan harsashi da ƙarfi ɗaya, sikeli kuma mai gaskiya tunda da giren ake awo, giram ɗaya ya haura giren 15, iskar fanka ma sai ta ruɗa shi.

Ba ka faɗa min yanayin ranar ba. Albarushi yana jin zafi, awon da ka gwada da sanyin safiya ba shi ba ne da rana tsaka a zafin Texas, balle in ka bar akwatin a mota. Albarushin H4350 na kamfanin Hodgdon da mutane suka fi sa wa Creedmoor yana da haƙuri da wannan, duk da haka rubuta zafin ranar a littafinka. Bakin bindigar ma in ya ɗau zafi ka bari ya huce.

Awo kuwa ba zan ba ka lamba ba, kuma kar ka karɓa daga wani a intanet. Buɗe littafin awo na kamfanin Hornady ko na Sierra ka fara daga mafi ƙanƙanta kana hawa kaɗan kaɗan, abu ɗaya kake canzawa a lokaci guda. Da ka ji sakata ta yi tauri wajen buɗewa, ko ka ga firaima, wato ɗan maɓallin gindin harsashi da ke kunna albarushi, ta baje, ko wani tabo mai sheƙi a gindin kwanso, tsaya nan ka warware sauran. In kuma ka zo gida hutu ka bar kayan a can, dokar makamai ta Najeriya ta hana mutum haɗa harsashi a ɗakinsa.