Ki zo gida tukuna, sai mu yi maganar kanwa

Assalamu alaikum ɗiyata. Ya nauyin jiki, ya maigidan naki? Allah ya raba lafiya. Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, na sa Auta ya karanta mini har sau biyu, yanzu ma shi ke rubutawa ina faɗa masa.

Kin ce likitar da kike zuwa awo wurinta a Abuja ta hana ki kunun kanwa, ta ce kada a kuskura a yi miki wanka da tafasasshen ruwa, surukarki kuma ta ce a gidansu ba a taɓa jego babu waɗannan biyun ba. Shi ne kike tambaya wai wankan jego dole ne, ko kuwa za ki iya yin na mako guda da ruwan ɗumi a banɗakinki, ki yi zamanki a ɗakinki ba sai kin zo gida ba.

Wallahi sai da na yi dariya, 'yar nan. Cikin fari, ki dubi goggonki ki yi mata wannan tambaya baki buɗe! Mu a zamaninmu ko kalmar ciki ba ta fita daga bakinmu. In an ce "wance, ya jiki?" sai ki sunkuyar da kai ki ja mayafi. Amma da dariyar ta wuce sai jikina ya yi sanyi, saboda abu biyu da kika faɗa: mako guda, da kuma ɗakinki. Ke da wa a ɗakin? Mijin da zai fita aiki tun da safe sai magariba?

Ni cikina yana wata 7 aka zo aka ɗauke ni daga gidan mijina aka mai da ni gidanmu cikin birnin Zariya, goyon ciki ke nan. Ba a tambaye ni ba, ba a tambayi mijina ba, kowa ya san haka ake yi wa mai cikin fari. Ina shiga gida Iya, kakarmu ni da babanki ta wajen uwa, ta karɓi ragamata. Ta hana ni rake, ta hana ni zuma da sukari, wai zaƙi yana taruwa ya tare hanya ranar naƙuda. Ta hana ni ƙwai. Ta hana ni fita da tsakar rana ko da magariba, ta kuma ɗaura mini 'yar ƙaramar wuƙa a bakin zane. Maganar ƙwai kam yanzu na san asara muka yi, ke ki ci abinki. Amma ta sa ni daka da surfe har ranar da na durƙusa, tana cewa mai ciki in ta kwanta, ɗan ma kwanciya zai yi.

Na sauka a daminar 1975. Ba na manta shekarar, domin ana jibi suna muna ɗaki sai muka ji maza a zaure sun taru kan rediyo, wai an hamɓarar da Gowon yana can Kampala wajen taro, Murtala ya hau. Iya ta leƙa ta ce musu su rage murya, akwai mai jego a ciki, sarautarsu ta soja ba ta fi barcin jikarta ba. Shekarar ce kuma ma'aikata suka sami kuɗin Udoji, shi ya sa mijina ya yi bajinta: itacen wanka sai da ya cika bayan ɗaki har ya kai tsayin katanga, ga kanwa, ga gero, ga kayan yaji, ga ƙafafun sa na ƙauri.

Bari in ba ki labarin wankan farko, don har yau in na ji ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya sai gabana ya faɗi. Tun kafin kiran assalatu na ji ana hura wuta. Ruwan sama ya kwana yana zuba, itacen ya jiƙe, hayaƙi ya cika tsakar gida. Babbar tukunya ce aka girka a kan murhu, ta kwana da ruwa. Ungozoma ta zo, wata tsohuwa mai ƙarfin hannu wadda ita ta yanke wa babanki cibiya, ta ce "Tashi, amaryar jego." Aka kai ni makewayi, aka zaunar da ni a kan turmi da aka kifa. Ta kama damin ganye, darbejiya da runhu, ta tsoma cikin ruwan da ke ta tururi, ta ɗaga ta karkaɗe, sai ta fyaɗa mini a gadon baya. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na hangi Iya tsaye bakin ƙofa da fitilar ƙwai a hannu, ta sa yatsa a leɓe. Na haɗiye. Naƙuda ma ban yi kuka ba, don an ce wadda ta yi raki a haihuwar fari har jikokinta sai an ba su labari, to ina zan yi a wanka? Haka ta bi ni, kafaɗa, ƙugu, cinyoyi, ciki, tana dannawa tana cewa "ɗanyen jiki ne, sai an gasa." Da ta gama aka sirka wani ruwan a babbar ƙwarya na zauna ciki. Sannan aka naɗe mini ciki da zane tamau.

Da na fito, ƙafafuna rawa suke, idona yana ganin duhu-duhu. Aka kwantar da ni a gadon ƙasa wanda aka zuba garwashi a ƙarƙashinsa, aka rufe ƙofa da taga. Kafin in farfaɗo Iya ta miƙo mini ƙwaryar kunun kanwa mai zafi, ya sha citta da kimba da masoro da kanumfari, ta tsaya a kaina sai da na ga gindin ƙwaryar. Gumi ya karyo mini kamar an kwara ruwa. Na yi barcin da ban taɓa irinsa ba. Da la'asar aka sake. Haka safe da yamma har kwana 40, makon farko ungozoma, sauran kuma ni da kaina, Inna tana tsaye tana duba ko na yi ha'inci na sirka ruwan.

Ci kuwa, ɗiyata, ban taɓa ci a rayuwata kamar na wannan lokacin ba. Tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawa ta kama, a kwarara man shanu, a barbaɗa yajin jego har sai hanci ya zuba. Gasasshen nama kullum da yamma, Baba da kansa yake zuwa wajen mahauta. Ranar ƙauri aka kwana ana dafa ƙafafun san nan har ƙashi ya yi laushi, aka ɗebar mini romon farko, sauran aka rarraba gidajen dangi da maƙwabta. Bayan suna kuma ga naman rago da aka soya aka ajiye mini a tukunya. Ruwan sanyi ko a mafarki, in ƙishi ya kama ni sai ruwan ɗumi ko jiƙon sabara. In na ce na ƙoshi sai Iya ta ce, "Ba ke nake ba, wancan nake ba," ta nuna jaririn da haɓa. Ni kuwa ko kallonsa ba na yi a gaban mutane, sai dare ya raba in jawo fitila in ƙare masa kallo.

Iya tana da magana guda da take maimaitawa duk sanda na miƙa hannu zan ɗauki tsintsiya ko guga: "Kabarin mai jego a buɗe yake har kwana arba'in." Sai ta fizge tsintsiyar. Kwana 40 ban ɗora tukunya ba, ban ja ruwa a rijiya ba, ban wanke ko zanen jariri ba. Mata suna shiga suna fita, wannan ta kawo fura, waccan ta karɓi yaron ta goya don in runtsa. In dare ya yi na fara kukan da ban san dalilinsa ba, don akwai irin wannan kukan bayan haihuwa, kada ya ba ki tsoro in ya zo, sai in ji hannun Iya a bayana tana shafawa, ba ta tambayar komai.

To amma akwai abin da ba zan ɓoye miki ba, in na ɓoye Allah zai tambaye ni. 'Yar kawunmu, wadda muka tashi tare kamar tagwaye, ta haihu kwana 9 bayana, gidansu yana jikin namu. Irin wankan da aka yi mini aka yi mata, irin kunun, har nata ya fi kanwa, don uwarta ta ce nononta bai kawo sosai ba. Muna gab da arba'in sai ƙafafunta suka fara hawa. Daga nan fuska. Sai tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a zaune an jingina ta da bango, numfashi sama-sama. Tsofaffi suka taru suka ce sanyi ne ya shige ta, wankan bai ratsa ba. Aka ƙara wuta a ƙarƙashin gado, aka ƙara kanwa. Na shiga duba ta wata safiya, na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar'uwa, ji nake kamar ana nutsar da ni a rijiya."

Kawu ne, da yake ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya ga duniya, ya rufe ido ya ce asibiti za a kai ta, duk mai fushi ta yi. Aka yi mata allurai ta dinga fitsari, cikin kwanaki kumburin ya saɓe, aka hana ta kanwa da gishiri. Inna da ta je jinya ta dawo tana riƙe baki, ta ce ɗakin cike yake da masu jego masu irin wannan ciwon. Daga baya yayarki mai aikin jinya ta warware mini: ita kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Zafin wanka da na gado kuma yana sa zuciya ta ninka aikinta. Macen da ta zubar da jini, wataƙila ga hawan jini ba a sani ba, sai zuciyar ta gaza, ruwa ya taru har cikin huhu. Ta ce likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun yi rubutu a kan wannan tun shekarun 1970, har aka san Zariya da shi a ƙasashen waje. 'Yar'uwata ta tashi a wannan karon. A haihuwarta ta huɗu ciwon ya dawo, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Iya ba ta taɓa cewa an yi kuskure ba, tsofaffin da ba sa faɗin haka. Amma da na zo haihuwa ta biyu, na lura ɗan ƙanƙanen gutsure take jefawa a kunun, kuma ita da kanta take tsoma gwiwar hannu a ruwan wanka kafin a taɓa ni da shi. Da wata maƙwabciya ta yi magana sai ta ce mata, "Gani ya kori ji." Haka ma dakashi, ruwan nonon farko mai rawaya-rawaya da aka matse mini aka zubar wai yana da dafi, aka yi ta ba ɗana ruwa kwana biyu. Yanzu an tabbatar shi ne rigakafin farko na jariri. In na tuna sai in ji zafi a raina. Ke dai ana miƙo miki shi ki sa shi a nono.

Wajen addini kuwa, malamarmu ta Islamiyya ta karantar da mu cewa wankan da Allah ya wajabta guda ne, na ɗaukewar jinin biƙi. Ranar da ya ɗauke ki yi wanka ki kama sallarki, ko da ba a kai arba'in ba, kuma a Malikiyya iyakarsa kwana 60. Mu da yawa mun zauna jiran arba'in ba salla cikin rashin sani, Allah ya yafe mana.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, kun ji likita ya ce a bar kanwa, sai kuka haɗa da kanwar da hutun da tsohuwar duka kuka watsar. Ina ganinsu a unguwar nan, yarinya ta haihu yau, kwana 5 tana tsaye tana girka wa miji abinci, waya a hannu tana amsa barka, ta sha ruwan firji, ta karya da burodi da shayi, sannan a ce nono ya ƙi zuwa. Ranar suna a yi kwalliya a yini a tsaye ana hotuna, da dare ƙafa ta kumbura ba mai dubawa. Wa zai lura in jini ya yi yawa? Wa zai ga idonki ya yi fari, ko ciwon kai ya matsa miki, ya ce maza a tafi asibiti tun kafin jijjiga ta zo? Iya ba ta yi boko ba, amma ko numfashina ya sauya cikin dare sai ta tashi zaune.

Surukarki ki bar ni da ita, kada ki yi musu da ita ko a waya, ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, irin tsoron da Iya take yi, kuma ni na san yadda zan ba ta labarin 'yar kawu. Ki ce wa maigidan ya kira babanki su tsai da rana tun tafiya ba ta yi miki wuya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki taho da katin awonki da duk magungunan da aka ba ki, akwai asibiti kusa da mu, a can za ki haihu in sha Allahu. In ma aiki aka yi miki, sai abin da likita ya ce shi za a bi. Ɗakin da ke kusa da nawa na sa an share, na aika a sayo gero da daddawa, kayan yajin kuma da hannuna zan daka.

Auta ya ce hannunsa ya gaji, ga shi ana kiran la'asar. Maganar yawan kwanakin wankan da ta ɗaurin ciki sai kin zo na ga jikin naki da idona. Ki gaishe da maigidan. Allah ya sauke ki lafiya.

Goggonki