Buzuzu da ƙwaron wake: amsar wasiƙunku

Daga Gusau: Malam, buzuzu da kwaron da ke huda wake abu ɗaya ne, ɗaya babba ɗaya ƙarami?

A'a. Dangi ne na nesa, dukansu da fiffike mai tauri a baya, amma kowa da sana'arsa. Buzuzu maƙwabcin garke ne, da damina ya fi fitowa, kuma wanda aka saba gani ya kai kan babban yatsa. Kashin shanu ne cimarsa. Ya dunƙule curi, ya kafa kai ƙasa, ya tura da ƙafafun baya, ya binne, macen ta sa ƙwai a ciki. Daga nan ya samo sunansa na biyu, gungura-kashi, ginin kalma irin na dafa-duka da hana-salla.

Ƙwaron wake kuwa tsawonsa milimita 3 zuwa 4 ne, gidansa rumbu da buhu. Tun a gona macen ke liƙa ƙwai a jikin kwasfa. Tsutsar ce ke cin waken ta ciki, cikin kamar wata guda ta rikiɗa ta fito. Hudar nan zagayayya ƙofar fita ce, ba ta shiga ba. Shi ya sa ake shanya wake ya bushe ƙarau, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban, iska ta ƙare wa ƙwaron. In ana yawan buɗewa, ko ɓera ya huda, an yi aikin banza.

Sai dai ka rubuto mini "kwaro" babu lanƙwasa, kuma abin nan ya ishe ni. Ƙwari su ke cin wake. Kwari kuwa ko gangare ne, ko gidan kibiya. Haka kashi da ƙashi: wanda buzuzu ke gungurawa daban, wanda kare ke gwaigwaya daban. Wayoyin yanzu suna da ƙ, ɗ da ɓ, lalaci ne kawai.

Daga Maraɗi: A "wake ɗaya ke ɓata gari", garin mutane ake nufi?

Garin niƙa ne, mai dogon wasali. Ruɓaɓɓen wake guda in ya bi sauran cikin niƙa, duk garin ya ɗauki ɗanɗanonsa. Masu gajarta wasalin a rediyo su ke rikita ku.

Daga Kumasi: Mene ne jam'in ƙwaro?

Ƙwari.