Na Loda Katin Dubu, Kafin La'asar Ya Ƙare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da humra da turaren wuta a gida, a Gwammaja. Ɗana ya sayo min babbar waya a Farm Center don in riƙa tura wa masu saye hotunan kaya ta WhatsApp. Ranar Asabar da hantsi na loda katin dubu ɗaya na kunna data, kafin la'asar babu ko sisi, alhali ban kira kowa ba. Dole ne sai na sayi data daban, ko wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka. Wayarki ƙalau take. Kati daban, data daban. Idan kika kunna intanet ba ki sayi data ba, layi na iya cirar kuɗin kai tsaye daga katin, a farashin da ya fi na data tsada nesa ba kusa ba. Haka aka yi wa mahaifiyata a makonta na farko da irin wannan waya, kuma har yau abin yana damuna, don mai sayar da waya ba ya tsayawa ya yi wa uwa wannan bayanin na minti biyu.

Ki loda katin, amma kafin ki kunna data ki danna *312# ki zaɓi wadda za ki saya. Da *323# ake ganin saura nawa. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita lambobin nan, don haka ko MTN kike, ko Airtel, ko Glo, duk ɗaya ne.

Wacce za ki saya? Mai sana'a irinki, ta wata nake ba ta shawara. Ta kwana ɗaya tana da arha a ido, sai dai wa'adinta na cika take tafiya ko ba ki taɓa ta ba, kuma mai saye ba ya sanar da ranar da zai nemi hoton kaya. Ki fara da ƙarama, ki duba bayan mako ɗaya ki ga yadda take tafiya. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowace giga (ma'aunin yawan data) ta zama abin lissafi.

Sannan a toshe inda take zurarewa. Rubutu da saƙon murya ba sa cin komai a zo a gani. Bidiyo ne ke cinye ta. Idan kina zauren WhatsApp na 'yan uwa, da na Islamiyya, da na biki, duk bidiyon da aka jefa zai iya sauka da kansa. Ki sa ɗanki ya shiga saitin WhatsApp ya hana hakan, ya kuma hana Play Store, inda waya ke sauke manhajoji, sabunta su da data. Sabuwar waya takan yi wannan sabuntawar da yawa a kwanakin farko, kuma ina kyautata zaton can dubunki ta tafi. Jikoki ma, idan sun karɓa don kallon TikTok, a sa musu ido.

Idan kin yi duk wannan kuɗi bai daina ɓacewa ba, ki kira 300 ki yi magana da kamfanin layinki. In ba su share miki hawaye ba, NCC na karɓar ƙorafi a 622, kuma kiran kyauta ne.