An rubuta Cabernet Sauvignon a kwalba: ruwan inabi ne ko giya?

Tambaya: Ina sayayyar bikin ƙanwata, sai na ga kwalabe masu wannan suna, wasu an sa 0.5%, wasu 0.0%. Wacce zan ɗauka?

Hajiya, Cabernet Sauvignon sunan irin inabi ne, ba na kamfani ba. Asalinsa yankin Bordeaux ne a Faransa, kuma masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gano cewa barbarar iri biyu ce ta haife shi, Cabernet Franc da Sauvignon Blanc. Galibi don giya ake nomansa, kuma barasar giyarsa kan kai kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Saboda haka kada sunan ya ruɗe ki, juya kwalbar ki karanta bayanta.

In kin ga "dealcoholised", to giya aka fara yi, daga baya aka janye barasar da inji, kuma akan bar ragowar da ba ta wuce 0.5% ba. Mai 0.0% ma sau da yawa ta wannan hanya ta biyo, an dai ƙara tace ta. Wadda ba a taɓa tsima ta ba ita ce aka rubuta wa "grape juice". Don biki, ita muke ba ki shawara, kowa ya sha hankalinsa kwance.

Tambaya: Na sayi ruwan wannan inabi, ya kama mini harshe. Ya lalace ne?

A'a, Malam, halinsa ne. 'Ya'yansa ƙanana ne, ɓawon da kauri, ga ƙwallaye, kuma nan ne sinadarin tanin ya fi taruwa. Shi ke kawo bauri, irin na goro ko shayin da ya daɗe a wuta. Shi kuma ke sa ka ji abin ya cika maka baki. Launin ruwan ja ne mai duhu, ya fi zoɓo turuwa. Idan inabin ya nuna sosai a ƙasa mai zafi, ƙamshinsa na baƙaƙen 'ya'yan itace ne. Idan an tsinke shi bai gama nuna ba, sai ka ji warin koren tattasai, wanda mutane da yawa kan ɗauka ɓaci ne.

Tanin yana manne wa furotin, shi ya sa baurin ke lafawa idan an haɗa da nama mai kitse, kamar balangu. Yaji mai yawa kuwa ƙara masa kaifi yake. Sanyi mai tsanani ma yana fito da baurin, don haka fitar da kwalbar daga firji minti 15 kafin a zuba.

Alamar lalacewa daban take. Sukarin ruwan inabi yana da yawa, in an buɗe an bar shi a zafi, yis na iska zai fara tsima shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka ji ya yi tsami yana kumfa, ko robar ta kumbura, zubar da shi. A firji ma kada ya wuce mako.