Maƙoƙo ya dawo bayan tiyata, ya gangara ƙirji: sai an tsaga ƙirjin?

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifiyata aikin maƙoƙo shekara 12 da suka wuce. Yanzu in ta kwanta rigingine numfashi sarƙe mata yake, ga tari, alhali wuyanta babu wani kumburi sosai. Hoto ya nuna maƙoƙon ya dawo, ya shige ƙirji. Ba magani da zai narkar da shi? Ko dole a tsaga ƙirjin? Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. A aikin da aka saba yi a da, akan bar ɗan ragowar ƙullin tayirod, wato ƙullin gaban wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo, don ya ci gaba da samar da sinadarinsa. Wannan ragowar ce kan sake girma. Da yake tabon aikin farko ya ɗaure gaban wuya, sai ta nufi ƙasa, nauyinta da jan numfashi suna taimaka mata. Wani lokacin kuma tun farko akwai ɓangaren da ke cikin ƙirji ba a gan shi ba. Mashigar ƙirji zobe ce ta ƙashi, ba ta buɗewa, don haka abin da ya cusa kai ciki maƙogwaro da hanyar abinci da jijiyoyin jini yake matsewa. Ƙanƙantar kumburin wuya kada ta ruɗe ku.

Ƙwaya ba ta narkar da irin wannan, tsaga da shafe-shafen gargajiya ma haka. Sinadarin aidin mai tururin nukiliya kan rage girmansa, amma sai bayan watanni, kuma yana iya kumbura shi da farko. Ga wadda numfashi ya fara gagara, tiyata ce.

Kafin aiki ana gwada jini don TSH da T4 (sinadaran da ke nuna yadda tayirod ke aiki) da kalsiyam, a yi hoton CT na wuya da ƙirji, domin sikanin da ake goga wa a wuya ba ya ganin bayan ƙashi. Abin da na fi jaddadawa shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa igiyoyin muryarta. Mutum na iya magana lafiya lau alhali jijiyar murya ta gefe guda ta mutu tun aikin farko, ɗayar ta rufa asiri. In aka taɓa mai lafiyar, hanyar iska na iya rufewa, sai an huda maƙogwaro an sa bututu. Ku nemo takardun tsohon aikin in suna nan.

Yawancin maƙoƙon ƙirji ta wuya ake fito da shi, saboda jijiyoyin da ke ba shi jini daga wuya suke. Likita kan bi tsohon tabo, ya ratsa ta gefe inda nama bai manne ba, ya ɗaure jijiyoyin jinin sama, ya gano jijiyar murya, sannan ya zagaye ƙullin da yatsa ya ɗago shi a hankali. Sai dai aiki na biyu ya fi kai wa ga buɗe ƙashi, musamman in ƙullin ya wuce lanƙwasar babbar jijiyar jini ta awota, ko ya koma bayan maƙogwaro, ko ya fi mashigar faɗi, ko ana zargin ciwon daji, ko ya rabu da wuya yana shan jini daga ƙirji. Jan irin wannan a makance na iya yaga jijiya a inda hannu ba ya kaiwa. Sau da yawa saman ƙashin kawai ake tsagawa, a ɗaure da waya, ya haɗe cikin mako 6 zuwa 8. Za a nemi ku sa hannu a kan duka biyun, aikin wuya da buɗe ƙashin, tun kafin a shiga, kada hakan ya tsorata ku. Aiki ne na babban asibiti, irin na koyarwa na ATBU a Bauchi ko na tarayya da ke Gombe. Ku tambaya ko likitan tiyatar ƙirji zai kasance a kusa ranar, da gado a sashen kulawa ta musamman.

Mai jinya ta sa ido a daren farko: wuya ya kumbura farat ɗaya da wahalar numfashi, jini ne ya taru, a kira ma'aikata nan take, a warware ɗinkin ko a kan gado ne. Daga kwana 1 zuwa 3, in leɓe da yatsu suka fara tsikari ko hannu ya ƙage, kalsiyam ne ya sauka, don ƙananan ƙullai huɗu masu kula da shi, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, sukan wahala a cikin tabo.

In an cire tayirod duka, za ta sha levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarinsa, har iyakar rayuwa. Akan kimanta maikirogiram 1.6 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, amma tsofaffi da masu ciwon zuciya da ƙasa da haka ake fara musu. A sha da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a ba shi tazarar awa 4 da ƙwayar kalsiyam. Da azumi, kafin sahur. A maimaita TSH bayan mako 6 zuwa 8 a daidaita adadin.